In Ba Ki Ga Titin Ba, Uwata, Ki Koma Sama

Kafanchan, cikin marka.

Zuwa ga 'yata Saratu, mai sunan mahaifiyata, Uwata ta kaina.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin isa Legas lafiya, kin sami ɗakin da aka yi miki alkawari, sauron can kuma bai yi miki maraba da yawa ba. Allah ya tsare tashinki, ya tsare saukarki, ya tsare duk wanda zai zauna a bayanki yana barci bai ma san sunanki ba. Mamanki tana gaishe ki. Labarin gida ba zan ba ki ba, ta riga ta ƙarar da shi a waya, har da na akuyar maƙwabta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kika yi a tasha. Kin gama cusa jakarki a bayan mota, kika juyo kika kama hannuna sai ka ce ke kika haife ni, kika ce, “Baba, kar ka damu da abin da likita ya faɗa a kan zuciyarka. Duk ranar da aka kira ni, ko sama da ƙasa za su haɗu, zan iso. Kamfaninmu na zuwa filin jirgin saman da ke kusa da gida. Ai ni tun da na fara koyon tuƙin jirgi ban taɓa fasa sauka ba.” Mamanki ta ce amin har da ɗaga hannu. Ni kuwa kafin in haɗa abin da zan ce direba ya riga ya ja mota. Tsoro nake ji, Uwata. Ina tsoron ranar da za a kira ki saboda ni, ki zo ki tarar girgije ya rufe fili, ki ƙi komawa sama.

Tun da likita ya hana ni gonar citta, aikina shi ne zama a baranda da rana ina kallon dutsen Kagoro. Kin san yadda yake yi a wannan watan. Girgije zai sauko a hankali ya cinye kan dutsen, ya cinye kafaɗunsa, har ya zama babu dutse sam, sai fari. Ina kallo sai gyangyaɗi ya ɗauke ni, in gan ni a kujerata ta da, hannuna a kan sitiyari, gilashi duk ya zama madara, alluran na'ura suna rawa sannu sannu, murya tana shigowa kunnena daga nesa. A cikin wannan barcin ba na jin ciwon ƙirji. Ina shawagi ne kawai, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na biyo ni har can sama, wanda kuma ba ya yiwuwa, amma mafarki ina ruwansa. Sai mamanki ta taɓa ni da kofin kunu ta ce, “Kyaftin, an sauka.” To a wannan barandar ce na tuna abubuwan da ban taɓa faɗa miki ba. Zan yi bayani dalla-dalla ko da kin san rabinsa, don mamanki ta ce sai ta karanta kafin in rufe ambulan, kuma ita a wurinta jirgi ƙatuwar bas ce da ta rasa hanya.

Lokacin da nake kamar ke, sabon mataimakin matuƙi, riga fara ƙal, kafaɗa na ƙaiƙayi, an haɗa ni da wani tsohon kyaftin mutumin kudu, mai ƙarancin magana. Wata rana da damina muka nufi wani fili da duwatsu suka kewaye, ni ke riƙe da jirgi, muna cikin girgije tun daga nesa. Jami'in hasumiya, wato mai ba jirage izini ta rediyo, ya ce mu juya hannun dama, mu riƙe tsayin da muke kai har sai mun hau layin da aka zana a taswirar sauka, sa'an nan an ba mu izinin saukowa da na'ura. Na ji shi sarai, babu kalmar da ta ɓace mini. Amma a cikin jimlar nan duka, izinin ne ya yi mini daɗi a kunne, sauran na bar su suka wuce. Wani sashe na zuciyata ya ce, anya, daga nan za a fara ko sai an hau layi? In tambaya mana. Sai tarbiyyar gida ta danne ni. Kin san mu, in babba ya yi magana ba a ce masa ya sake faɗa. Kakanki in ya aike ka, ka ce “to Baba” ka fita, in ya so ka tsaya a bayan rumbu ka yi ta tunanin me ya ce. Na rage wuta, na sunkuyar da hancin jirgi.

Kyaftin yana duba takarda a lokacin. Da ya ɗago kai bai yi ihu ba, ya dai ce, “Saki, na karɓa,” ya kama sitiyari, ya tura wuta, muka hau. A daidai lokacin girgijen ya ɗan yage ta gefena, na ga dutse, baƙi, jiƙe sharkaf, da wata bishiya guda a kansa, na ga ganyenta ɗaya ɗaya. Har yau ina ganin bishiyar nan. Wani lokaci a mafarki har tsuntsu nake gani a kanta, ya juyo yana kallona. Da muka sauka sai da fasinja suka gama fita tukuna ya ce mini, “Yaro, wa ya ce ka sauko?” Na ce, “An ba mu izini, Oga.” Ya ce, “Izinin me?”

To ki ji, Uwata. In an ba ki izinin saukowa da na'ura, an buɗe miki hanyar da aka zana ne, ita kaɗai. Sararin da ke hagu da dama ba a ba ki shi ba, na duwatsu ne da dogayen ƙarafan waya. Tsayin da aka ce ki riƙe na ƙarshe, ki riƙe shi gam har sai alluranki sun shaida kin hau layi, daga nan ki bi tsayin da taswira ta rubuta mataki mataki. Ki maimaita wa jami'in abin da ya faɗa duka, har da sharaɗin, kar ki tsinci mai zaƙin ki bar sauran. In kuma wani abu ya tsaya miki a rai, ki tambaya, ko muryarsa ta fi ta kakanki kauri, ko jirage na layi a bayanki suna jira. Ladabin da muka koya miki na tsakar gida ne, kuma na gode wa Allah kin iya shi. A rediyo ladabi shi ne ki ce a sake faɗa.

Mamanki ta leƙo yanzu ta ce wai shekara da shekaru ban taɓa ba ta labarin bishiyar nan ba. Na ce mata da na ba ta ai da ta ɓoye mini takalma. Ta ce har yanzu ba ta makara ba, naki za ta ɓoye.

Kuskurena na biyu kuwa girman kai ne tsagwaronsa, don a lokacin na riga na goge. Kin san tarin sanarwar nan ta wucin gadi da muke cewa notam, wadda ake ba matuƙi kafin ya tashi. A zamaninmu takarda ce doguwa, ke yanzu a allon hannu kike ganinta, amma halinta bai canja ba: an rufe hanyar kaza, fitila kaza ta mutu, ana yankan ciyawa, tsuntsaye sun yi yawa, duk cikin guntayen haruffa masu kashe ido. Mai muhimmancin tana kwance a tsakiyarsu shiru, ba ta fi sauran kauri ba. Akwai wani fili da nake zuwa kusan kullum, aka kafa injin ɗaga kaya na masu gini, dogon nan mai wuya, a kusa da hanyar saukowa. Aka fitar da notam cewa saboda shi an ɗaga iyaka, wato tsayin da in ka kai ba ka ga titin sauka da idonka ba dole ka fasa ka koma sama. A ƙarshen sanarwar an sa ranar gamawa, da alamar cewa ƙiyasi ne. Na karanta ta har na haddace. Da ranar ta wuce, sai na share ta daga kaina, ko da na ci gaba da ganinta a jerin. Na ce an manta ne ba a cire ba.

Ashe ranar ƙiyasi ranar tela ce a watan Kirsimeti. Sanarwa irin wannan tana nan da ranta har sai an soke ta ko an sauya ta da wata, na kuma san haka, na sha koya wa na ƙasa da ni. Ranar da na zo cikin hadari, hasumiya ta ba ni izini, na ce a raina, ka gani, da injin yana nan ai da sun faɗa. Na bi tsohuwar iyakar da ke taswira. Muna fitowa daga girgije sai ga wuyan injin nan a gefenmu, har na ga jan ƙyallen da aka ɗaura masa yana kaɗawa. Ba mu taɓa shi ba. Allah dai ya rufa asiri.

Izinin hasumiya ba ya goge notam, ki sa wannan a kanki. Shi jami'in aikinsa ya raba ki da sauran jirage ya nuna miki lokacinki, karatun sanarwa kuwa ya ɗauka kin yi shi tun a ƙasa. Ki karanta ta filin da za ki, da ta filin da za ki koma in wancan ya ƙi, musamman ma filin da kika fi sani, don shi ne zai yaudare ki. Ki duba agogon da aka rubuta da shi, na jirage ne, ba na bangon ɗakinki ba. In ta taɓa iyaka, ki rubuta sabuwar iyakar a inda idonki zai faɗa kanta, ki kuma faɗa wa kyaftin da baki tun kuna can sama hankali kwance. In ya yi miki kallon ke wa ya tambaye ki, ki yi murmushi ki ƙarasa maganarki.

Ruwa ya sauko yanzu, na matsar da kujera ciki. Kwanon rufi na ta kiɗa, yaran makaranta sun wuce a guje da ganyen ayaba a ka. Na daɗe riƙe da biro ina kallonsu, don abin da ya rage shi ne mai nauyin, kuma ban san ta inda zan kama shi ba.

Kina goye a lokacin. Ina kyaftin, da wani mataimaki mai suna Ishaya, ɗan garin Godogodo, yaro mai kaifin kai da tsabtar aiki, yana ganina kamar ba na kuskure. Da safe kafin mu tashi aka yi mini waya cewa kakarki, mai sunanki, tana asibiti a nan Kafanchan, numfashinta na sama sama, tana ta tambayar ina nake. Allah ya sa tafiyarmu ta ranar zuwa filin da ya fi kusa da gida ce, in na sauka sai in shiga mota. Da na yi hankali, da na ce a ba wani jirgin, don mutumin da uwarsa ke kiransa ba shi da kan tuƙi. Ban faɗa wa kowa ba. Na karanta notam tsaf, na ji izini tsaf, na hau layi daidai, babu abin da na ɓata. Muka gangaro cikin fari, Ishaya yana kiran tsayi. Muka kai iyaka, ya ce, “Iyaka, Oga. Ban ga komai ba.” Ni ma ban ga komai ba. Abin da doka ta ce, abin da na rantse a kai, shi ne in tura wuta in hau. Na ce masa, “Dakata kaɗan.” Na ci gaba da sauka.

Ban san yadda zan kwatanta miki wannan ɗan lokacin ba. Shiru ne mai laushi, kamar jirgin ya daina motsi. A cikin farin nan fuskarta nake gani, tana tankaɗen acca a ƙofar ɗaki, tana ɗago kai kamar yadda takan yi in ta ji ƙarar jirgi, ta ce wa maƙwabta ɗanta ne ko da ba ni ba ne. Sai fitilun titi suka ɓullo a ƙarƙashinmu, kusa fiye da yadda ya kamata. Na ajiye jirgin lafiya lau, ko kofi bai zube ba. Fasinja suka yi tafi. Wani jirgin da ke bayanmu ya fasa ya koma inda ya fito. Na iso asibiti ta gan ni, ta riƙe yatsana, washegari ta tafi gida wurin Ubangiji. A jana'iza mutane suka yi ta cewa Allah ne ya buɗe mini sama, ni ma na gyaɗa kai.

Wannan shi ne mafi munin abin da na yi a rayuwar tuƙina, kuma muninsa shi ne ya yi kyau. Bishiya ta tsorata ni, injin gini ya tsorata ni, wannan kuwa tafi aka yi mini. Ban zauna da Ishaya na ce masa abin da ka gani hauka ne ba. Kunya ta hana ni, baƙin ciki ya rufe ni, aka canja mana jadawali, zance ya bi ruwa. Bayan wasu shekaru ya zama kyaftin a wani ƙaramin kamfani. Wata damina ya zo wani fili cikin girgije, ya kai iyaka bai ga titi ba, ya dakata kaɗan. Tayar jirginsa ta kama kan bishiyoyi. Allah ya kiyaye babu wanda ya mutu, amma ƙugunsa ya karye, aka karɓe lasisinsa. A gaban masu bincike bai ambaci sunana ba.

Yanzu citta yake nomawa a garinsu. Bara na haɗu da shi a kasuwar Zonkwa, yana jingine da sanda kusa da buhunansa. Yana hango ni ya cire hula, ya yi ƙoƙarin rusunawa da wannan ƙugun. Na ce, “Haba Ishaya, bari mana.” Muka zauna a benci muka yi gaisuwar iyali, ya tambaye ki, ya ce ya ji kin gaji babanki, ya yi murna har idonsa ya kawo ruwa. Na daure na ce masa, “Ishaya, ranar nan da muka sauka tare, ban kyauta maka ba.” Ya yi dariya, ba da ɗaci ba, wallahi da ɗacin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “A'a Oga, kai ai gwani ne. Ni ne na ɗauka hannuna ya kai naka.” Uwata, har ranar yana tsammani gwaninta ce. Na ce masa babu wata gwaninta, rufe ido na yi, mutane cike da jirgi a bayana. Sai ya kira yaro ya ɗaura mini citta a bayan mashin, ya ƙi karɓar ko godiya. Na yi kuka a hanya, mai mashin ya ɗauka iska ce.

Shi ya sa maganarki ta tasha ta hana ni sakat. Cewa ba ki taɓa fasa sauka ba, ba abin ado ba ne, yana nufin ranarki ba ta zo ba tukuna. Iyaka ba ta san kina da gaggawa ba, ba ta san wa ke kwance a asibiti ba. An auna ta ne da dutse da ƙarfe da tsawon fitilu, a ranar da babu wanda hankalinsa ke tashe, don ta yi miki tunani a ranar da naki ya tashi. In kin kai ta ba ki ga titi ba, wuta gaba, hanci sama, ki bi hanyar fasawa da kika karanta tun kafin ki fara gangarowa. In kuma kyaftin ne ke riƙe da jirgi ya ce miki dakata kaɗan, ki ce a fasa, da ƙarfi, ki sake faɗa. Ishaya ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru don yana ganin girmana.

Yanzu ga roƙona, kuma ba shawara ba ce, umarnin uba ne. Ranar da za a kira ki saboda ni, ranar kuwa tana zuwa, likita bai ɓoye mana ba, kar ki taɓa sitiyari. Ki je ki faɗa wa ogoginki gaskiya, ki zauna a baya da fasinja ki yi kukanki a taga. In kuma labarin ya same ki kin riga kin tashi, kika zo kika tarar da farin nan, ki koma sama, ki tafi duk inda sanarwa da man jirgi suka yarda. Na yafe miki zuwan tun yau, da hankalina, mamanki shaida ce, ga ta nan tana share ido da bakin zane. Ba na bukatar ki riƙe yatsana. Na riƙe naki tun kina jaririya, ya ishe ni.

Kuma me ma za ki yi wa gaggawa? Kin san mutanenmu ba sa hanzarin binne mutum. Za su kai ni ɗakin sanyi su ajiye, dangi su yi ta taro, baffanninki su yi gardama a kan gefen da za a haƙa, zumuntar mata su yi mako suna zaɓen atamfa, fasto ya duba ranar da ba ta ci karo da bikin wani ba. Ko ta mota kika biyo, ko a ƙafa, za ki same ni ban je ko'ina ba. Abu guda nake so, ki shigo gidan nan da ƙafafunki, ki tsaya kusa da mamanki, ke ki binne ni.

Ubangiji ya ba ki ido mai karatu da kunne mai haƙuri. Ya ba ki ƙarfin halin juyawa. Ya kai ki ya dawo da ke, ke da duk waɗanda aka ba ki amanarsu, har ki tsufa ki gaji da jirgi don kanki. Alherin Yesu Almasihu ya kasance tare da ke. Amin.

Ni ne,
Babanki.